Sauke A-kori-kura Ƙasa Ba Tare da Ta Daina Jan Tirela Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa daga 'yan'uwa a Jidda, Makka, Madina da Riyad masu wanet, wato a-kori-kura, irin su GMC Sierra, Silverado, F-150, Ram da Hilux. Mutum yana so motarsa ta kwanta ƙasa ta yi kyau, kuma yana so ta ci gaba da jan ƙaramar tirela ta raguna, janareta, tankin ruwa ko jirgin ruwan da ake kaiwa bakin tekun Ubhur. Awon saukewa da inci ake yinsa saboda yawancin kayan daga Amurka suke zuwa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Motar da aka sauke tana iya jan tirela kuwa, ko dole a zaɓi ɗaya?

Tana iya ja. Saukewa ba ta rage ƙarfin inji ko na giya, har ma motar kan fi tsayuwa a kwana tunda nauyinta ya matso ƙasa. Abu biyu take cinyewa: tazarar da aksul ɗin baya ke motsawa a ciki kafin ya bugi shasi, da kuma ƙarfen shasin kansa idan an yanka. Tirela kuwa waɗannan biyun take nema. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa magana ce ta yadda za a mayar da abin da aka cire.

Inci nawa zan iya saukewa ban taɓa shasi ba?

A manyan motocin Amurka masu ɗaukar rabin tan, inci 2 a gaba da 4 a baya shi ne iyakar da aka saba kaiwa ba yanka. A gaba ana sa sifindil mai sauke inci 2, wanda ke ɗaga cibiyar taya ba tare da ya taɓa sifirin ba. A baya ana canza maratayin sifirin na ƙarshe, wanda ke ba da inci 1 zuwa 2, da mazaunin sifirin na gaba, wanda ke ƙara wajen inci 2. Amfanin wannan hanya shi ne ganyen sifirin na kamfani, wanda ake kira susta a nan, yana nan yadda yake da dukkan ƙarfinsa.

Ka lura da abu ɗaya. Kamfani da gangan yake barin bayan motar ya fi gaba tsayi da kusan inci 2, domin idan an ɗora kaya ta daidaita. Sauke 2 da 4 yana share wannan bambanci, mota ta miƙe sak tana fanko, amma da ka maƙala tirela sai bayan ya fi gaba ƙasa. Maganinsa yana cikin amsar tambayar jakar iska a ƙasa. Ga wanda ke jan tirela kowane mako, shawararmu ya tsaya a nan.

Hanyoyi biyu ne ba mu yarda da su ba ko kaɗan: zare ganye daga sifirin, da gasa sifirin da wuta ya lanƙwashe. Na farko yana rage nauyin da motar ke ɗauka kai tsaye, na biyu yana kashe horon ƙarfen, sifirin ya ci gaba da zaunawa har ya karye.

Mene ne juyin aksul, kuma me ya sa ake yanka shasi saboda shi?

A waɗannan manyan motoci aksul yana ƙarƙashin ganyen sifirin. Juyi shi ne a mayar da shi saman sifirin da sabbin mazaunai da sabbin bolti masu siffar U. Motar takan sauka wajen inci 6 a tashi ɗaya, domin kaurin bututun aksul da na ganyen sifirin duk sun koma sama. Daga nan tazarar da ta rage tsakanin aksul da shasi takan zama 'yar kaɗan, wani lokaci ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Shi ya sa ake yanka gurbi a ƙasan shasi daidai saman aksul, wanda masu sayar da kaya ke kira C-notch.

A wasu ƙananan motoci marasa giyar taya huɗu, irin tsofaffin Hilux, aksul dama a saman sifirin yake. Su da ɗan bulon ƙarfe tsakanin aksul da sifirin ake sauke su. Mai jan kaya kada ya wuce inci 2 zuwa 3, ya nemi bulo na ƙarfe, kuma kada ya ɗora bulo a kan bulo. Bulo mai tsayi yana ba aksul damar murɗa sifirin duk lokacin da aka taka wuta ko birki.

Ɗan yankan nan yana rage ƙarfin shasi da yawa ne?

Fiye da yadda ido ke nunawa. Ƙarfin sanda wajen jure lanƙwasa yana tafiya ne da tsayinta na sama zuwa ƙasa sau kansa a lissafi: idan ka rage tsayin zuwa rabi, ƙarfin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Shasi mai tsayin santimita 15 da aka yanke 7.5 ya rasa kashi uku cikin huɗu a wannan wuri. A shasi mai siffar C abin ya fi haka muni, domin leɓen sama da leɓen ƙasa su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin, yankan kuwa leɓen ƙasa yake cirewa gaba ɗaya.

Sai ka duba inda yankan ya faɗo. Nauyin tirela yana danne ƙarshen shasi ta baya, inji da gidan direba suna danne gaba, sifirin yana turowa sama a yankin aksul. Kamar mai karya rake ne a gwiwa, kuma gwiwar tana daidai inda aka yi gurbin. Leɓen sama ana jan sa, ƙasa ana matse shi. Mota fanko tana iya shekara da gurbi marar ƙarfi ba a ga komai ba. Ranar da ta hau tudun rage gudu, wato madabb, da tirela a baya, ranar ce shasin zai durƙusa.

Saboda haka gurbin mai jan tirela ya zama marar zurfi gwargwadon buƙata, kuma ƙarfen da za a mayar ya fi wanda aka cire. Idan yankan zai wuce rabin tsayin shasi, faranti a gefe kaɗai bai isa ba, sai an gina ƙarfe a saman shasi don a dawo da tsayin da aka rasa, ko da hakan na nufin a ɗan yanka ƙarfen da ke ƙarƙashin bodin baya.

Wanne ya fi, gurbin da ake ɗaurewa da bolti ko na walda?

Ya danganta da shasin da kuma hannun mai aikin. A shasi buɗaɗɗe mai siffar C, kamar na GMC da Chevrolet na 1988 zuwa 1998, gurbin bolti mai kauri da ke rungume shasin ta waje, ta sama da ta ƙasa yana aiki sosai, kuma ba ya sa wa ƙarfe zafi. Gurbin bolti mai kyau ya fi walda marar kyau nesa ba kusa ba. Wanda ya fi duka shi ne a ɗaura na bolti a waje, sannan a rufe cikin C ɗin da faranti ya zama akwati a yankin gurbin.

Shasi rufaffe, kamar na F-150 tun daga 2004 da na Hilux, yana da nasa sharaɗi. Idan ka zura bolti ta bango biyu ka matse, bangon zai lotsa ciki, boltin ya saki bayan 'yan makonni. Dole a sa bututun ƙarfe mai kauri a cikin kowane rami don bolti ya matse bututun maimakon bango. Kuma sababbin shasi da siririn ƙarfe mai ƙarfi ake yinsu, zafin walda yana rage masa ƙarfi a gefen ɗinkin. Kamfanonin mota suna da littafin umarni ga masu gina bodi, a ciki suna faɗin inda aka yarda a yi walda ko huji. Ka nemi na motarka kafin ka shiga unguwar gareji, wato sana'iyya.

Yaya ake yin yankan, daga farko zuwa ƙarshe?

A cire kan batir. A ɗage bodin baya gaba ɗaya, aikin ya fi tsabta. A kafa motar a daɓe mai lebur, a tallafi shasi da ƙafafun ƙarfe a gaban wurin yanka da kuma bayansa, domin idan bayan yana rataye zai sunkuya da zarar an yanke leɓen ƙasa, kuma a haka za a ɗaure shi. A auna daga ƙasa zuwa shasi a wurare huɗu, a auna a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta. Bututun mai, na birki da wayoyi sukan bi cikin shasi ta ɓangaren direba, kusa da tankin mai. A kwance su a janye, a rufe tankin da bargon walda, abin kashe gobara yana kusa.

Tsakiyar gurbi ba a ɗaukarta daga inda aksul yake a rataye. A ɗaga aksul sama da jak har ya taɓa shasi, a yi alama a nan, domin yana ɗan matsawa baya yayin da sifirin ke miƙewa. A fara huda kusurwoyin gurbin da abin huji mai faɗi don su zama zagayayyu, sannan a haɗa ramukan da yanka. Kusurwa mai kaifi nan tsagewa ke farawa. A goge bakin yankan ya yi sumul. A gama gefe ɗaya, a ɗaure shi, kafin a taɓa ɗayan.

Idan da walda, faranti ya wuce gurbin ta kowane gefe da aƙalla tsayin shasin sau ɗaya da rabi, ƙarshensa ya zama mai tsini ko zagayayye. Ba a yin ɗinki a miƙe daga leɓen sama zuwa na ƙasa, kuma ba a gitta leɓe da walda. A yi ɗinki gajere-gajere, ana tsallakawa ana barin ƙarfe ya huce da kansa, ba a zuba masa ruwa. A ƙarshe a sake awon farko, a shafa fenti mai hana tsatsa ciki da waje. Mutanen Jidda da Yanbu kada su yi wasa da wannan, iskar teku tana cin ɗanyen ƙarfe da sauri, musamman tsakanin faranti da shasi inda ido ba ya kaiwa.

Wane kaurin ƙarfe da wane irin bolti?

Faranti milimita 6 shi ne aka saba da shi, kuma kada ya gaza kaurin shasin. Bolti ya zama mai daraja 8 a awon Amurka, wanda ke da layi shida a kansa, ko mai lamba 10.9. Wanda aka rubuta wa 8.8 ba shi ne daraja 8 ba, ya yi ƙasa da shi, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa a kanti. Bolti mai rabin inci daraja 8, busasshe, ana matse shi da ƙarfin wajen 145 Nm, amma adadin da ke takardar kayan shi ne abin bi. A sa washa mai tauri da noti mai kulle kansa. Ramuka a bangon shasi ake yinsu da abin huji, ba da wuta ba, kuma tsakanin tsakiyar rami da bakin ƙarfe a bar ninki biyu na kaurin boltin. Bolti masu siffar U ba a maimaita su, zarensu yana miƙewa a ɗaurin farko.

Tazara nawa ya kamata ta rage tsakanin aksul da shasi?

A nemi wajen inci 3, santimita 7 zuwa 8, kuma a auna da tirela a maƙale da kayanta. Awon mota fanko ba ya gaya maka komai. Hanya mai sauƙi ta gwaji: manna dunƙulen yumɓu ko kwaɓaɓɓen fulawa a saman bututun aksul da saman difrans, ka zaga unguwa da tirela, ka dawo ka ga yadda ya baje.

Ba shasi kaɗai aksul ke bugu ba. Tulun difrans yakan bugi ƙarfen ƙarƙashin bodi, salansa takan matse tsakanin aksul da bodi, farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa difrans, takan goga ƙarfen gicciye a ƙarƙashin gidan direba, tiyon birki yakan naɗe. Robar da ke tare aksul ita ya kamata ta fara taɓawa kafin komai, don haka a sa gajera mai laushi a farko, kada a cire ta gaba ɗaya. Shok kuma a canza shi da gajere. Dogon shok na kamfani zai ƙure kafin roba ta taɓa, ya fasa kansa ko ya tsinke mazauninsa. Idan sabon mazauni ya kwantar da shok digiri 30 daga tsaye, kashi ɗaya cikin huɗu na aikinsa ya tafi.

Jakar iska ta taimako tana ƙara nauyin da mota ke ɗauka?

A'a. Tana ɗaga bayan motar ya dawo daidai, ta dawo maka da tazarar da aka yi magana a amsar da ta gabata, amma aksul, taya, birki da shasi suna nan da iyakarsu. Yawancin irin waɗannan jakunkuna suna aiki tsakanin psi 5 da 100. Kada a bar su ƙasa da 5 ko mota fanko ce, roba takan naɗe ta tsage. A ba kowace jaka nata bututu. Idan aka haɗa su da bututu ɗaya, a kwana iska za ta gudu daga gefen da aka danne zuwa ɗayan, motar ta ƙara karkata.

Matsalar da ba a cika faɗa ba ita ce mazauninta. Jaka tana zama a saman aksul, wato tana tura shasi sama daidai wurin gurbin, inda a da sifirin yake rarraba nauyi gaba da baya. Ta ƙara wa gwiwar nan ta mai karya rake tsini. Don haka jaka a kan gurbi marar ƙarfi ta fi rashin jakar haɗari. A sayi wadda aka ƙera don motar da aka juya wa aksul, a kuma nisanta ta da salansa ko a sa garkuwar zafi.

To yanzu kilo nawa zan iya ja?

Adadin da kamfani ya rubuta na motar da ba a taɓa ba ne. Tun wajen 2015 manyan kamfanonin Amurka suna fitar da shi ta gwajin SAE J2807, wanda ya haɗa da hawan tudun Davis Dam a Arizona cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba. Da ka yanka shasi, wannan adadi ya zama rufin da ba a wucewa, kuma iyakarka ta gaskiya ita ce ta abin da ya fi rauni a jikin motar. Wasu masu ƙera kayan saukewa suna rubuta a takardarsu cewa ba a ja da kayansu. Ka karanta kafin ka biya.

A ƙofar direba akwai takarda mai GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da GAWR, iyakar kowane aksul. Wuyan tirela yana danne ƙugiya da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar, kuma wannan nauyi cikin kayan mota ake lissafa shi. Misali, idan takarda ta ce kilo 700 na kaya, mutum huɗu suka cinye 300, kayan baya 100, saura 300. A kashi 12 cikin ɗari, tirelar ba za ta wuce kilo 2,500 ba, komai girman injin. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan ɗaya ne kafin a lissafa ƙarfen tirelar. Dabbobi kuma suna motsi, a bar musu rara. Je ka babban sikeli ka auna aksul ɗin baya shi kaɗai da tirela a maƙale, hasashe yana yaudara.

Me ya sa sitiyari ke yin sakayau idan na maƙala tirela?

Ƙwallon ja yana bayan aksul, don haka yana aiki kamar maɓamɓari. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 3.6 ne, ƙwallo kuma yana mita 1.2 bayan aksul. Kilo 300 a kan ƙwallo zai zama kilo 400 a aksul ɗin baya, gaba kuma ya rasa 100. Jakar iska ba ta mayar da wannan 100 ɗin, ɗaga baya kawai take yi. Abin da ke mayarwa shi ne ƙugiya mai rarraba nauyi, mai sanduna biyu da ke miƙewa zuwa wuyan tirela. Sai dai sandunan suna rataye ƙasa da ƙwallo, a motar da ta sauka inci 6 sukan kartar madabb da ƙofar gidan mai, kuma suna ƙara murɗa bayan shasi. Kada ka rage nauyin wuya ta hanyar tura kaya bayan tirela. Tirelar da wuyanta ya yi sauƙi ita ce ke kaɗa wutsiya a hanyar Madina idan babbar mota ta wuce ta.

Na cire bamba na sa lafaffen ƙarfe. Ina zan sa ƙugiya, kuma a wane tsayi?

Ƙugiya a shasi ake ɗaure ta, a ramukan kamfani. Wadda ake ɓoyewa bayan lambar mota tana da kyan gani, amma da yawa an yi su ne don ƙananan kaya, a duba adadin da aka buga a jikinta. Wadda mai walda ya haɗa da ido, ba lamba ba gwaji, ba ta jan tan biyu a titi.

Tsayi kuwa, tirela ce ke yanke hukunci: ta tsaya a miƙe ko kanta ya ɗan sunkuya kaɗan. Auna daga ƙasa zuwa bakin maƙalarta tana miƙe, auna ramin ƙugiyar motar da kaya a kai, bambancin shi ne hawan da kake buƙata. A motar da aka sauke, yawanci juya hannun ƙwallo ake yi ya kalli sama, in mai ƙera shi ya yarda da hakan. A tirela mai aksul biyu, kai a ƙasa sosai yana ɗora wa tayoyinta na gaba nauyi, su yi zafi su fashe. Sannan a kula da girman ƙwallo, tunda a nan ana samun tirelar Amurka da ta Turai. Na inci 2 milimita 50.8 ne, na Turai 50 cif. Ido ba ya rabe su, amma ba sa zama a maƙalar juna yadda ya kamata. Sarƙoƙi biyu a gitta su ƙarƙashin wuya, a rage tsawonsu kada su ja ƙasa.

Bayan an sauke, motar tana karkarwa idan na taka wuta. Daga ina?

Kusan kullum daga farfela ne. Kuros, wato mahaɗan farfela, na gaba da na baya suna soke rawar juna ne idan kusurwarsu ta yi daidai, bambanci bai wuce digiri 1 ba, kowanne kuma bai wuce wajen digiri 3 ba. Saukewa tana juya hancin difrans. A auna da ma'aunin kusurwa motar tana kan tayoyinta, a gyara da siririn ƙarfe mai gangara na digiri 2 ko 4 tsakanin sifirin da mazaunin aksul. Na ƙarfe za a sa, na alminiyam yakan fashe. Farfela mai gaɓa biyu tana buƙatar a ɗaga mazauninta na tsakiya. A kuma duba bakin farfela da ke shiga giya, ya rage masa wajen santimita 2 na shiga. Idan ya ƙure, duk rami sai ya daki giya daga baya.

Rim mai inci 24 ko 26 fa?

Nan ne mafi yawan motocin da aka sauke ke faɗuwa, tun kafin a zo maganar shasi. Kowace taya tana da lambar nauyi bayan girmanta: 100 kilo 800 ne, 105 kilo 925, 110 kilo 1,060, 115 kilo 1,215. Raba GAWR na baya biyu, idan kuma tayar ƙaramar mota ce aka sa wa wanet, ƙara kashi 10 cikin ɗari. Aksul mai kilo 1,800 yana neman 990 a kowace taya, wato lamba 108 zuwa sama. Rim ma yana da nasa adadin a bayansa.

Siririyar taya ba ta da gefen da zai sha duka, rami ɗaya da tirela a baya ya isa ya tsage ta ko ya lanƙwasa rim. Kwaltar Saudiyya a watan Yuli ba ta yafe wa tayar da iskarta ta ragu. A duba iska da safe kafin a motsa, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, mako da shekarar ƙira. Ga mai ja, rim 20 da taya mai gefe ya fi. Wasu suna ajiye saiti biyu.

Saukewa tana shafar birki?

A tsofaffin Hilux da makamantansu akwai bawul a shasi mai sanda zuwa aksul, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta zauna da kaya. Motar da aka sauke, bawul ɗin yana ɗauka kullum a cike take, sai tayoyin baya su riƙa kullewa tana fanko. A gyara mazaunin sandar gwargwadon abin da aka sauke. Manyan rim kuma suna da nauyi, suna ƙara wa birki aiki. Tirelar da ta wuce kilo 750 ta kasance da nata birki, wannan ce iyakar da kamfanoni da yawa ke sawa ga tirela marar birki. Na lantarki yana buƙatar na'urar sarrafawa a gaban direba da soket mai ƙafa bakwai.

Zan iya hawa tsaunukan Ɗa'ifa ko Abha da ita?

Idan amsoshin tazara, taya da birki sun cika, e. Abin lura shi ne zafin man giya. Tsakanin digiri 80 da 95 lafiya ne, idan ya doshi 120 a tsaya a bar inji yana aiki ya huce. Bamba ta ado da ke toshe iskar lagireto tana ƙara matsalar, kuma ƙarin na'urar sanyaya man giya ba ta da tsada idan aka kwatanta da giyar. A kunna maɓallin ja idan motar tana da shi, a sauko da ƙaramar giya. A tambayi Murur, wato hukumar kula da hanya, hanyar da aka yarda tirela ta bi kafin a kama hanya.

Ram ɗina ba ta da ganyen sifirin. Kuma me za ku ce kan iska zalla, a kwantar da mota har ƙasa?

Ram 1500 tun 2009 naɗaɗɗen sifirin take da shi a baya, da sanduna masu riƙe aksul. Gajeren sifirin yana sauke ta, amma sandar gicciye za ta ture aksul gefe ɗaya, sai an sa mai daidaitawa. A nemi sifirin mai tauri, mai laushi zai zauna da tirela.

Kwantar da mota har ƙasa yana buƙatar babban gurbi mai hawa da ke ratsa daɓen bodi. Idan an gina shi da bututu mai kusurwa huɗu, mai tsayin shasin asali, da gada tsakanin ɓangarorin biyu, yana iya yin ƙarfi sosai. Amma dukkan nauyi ya koma kan mazaunan jaka da walda, kuma bututu ɗaya ya fashe motar ta zauna da tirela a baya. Rairayi ma yana cin gaɓoɓin sandunan. Mai wannan gini ya tabbatar taya tana iya juyawa ko iska ta fita duka. A ganinmu wannan motar nuni ce, ja kuwa sai ɗan babur ɗin rairayi.

Murur da fahas fa?

Dokar hanya ta Saudiyya tana ɗaukar canza shasi ko jikin mota ba tare da bin ƙa'ida ba a matsayin laifi, kuma a fahas, wato binciken lafiyar mota, ana duba ƙarƙashinta. Ba a sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, ko a sauya sunan mai mota sai da fahas mai aiki. Don haka tambaya a Murur tana zuwa kafin yanka, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce. Kada faranti ko walda su rufe lambar shasi. Kayan da ake ɗaurewa da bolti, irin na sauke inci 2 da 4, ana iya mayar da su yadda suke, shasin da aka yanka kuwa ba ya komawa, kuma mai saye zai gani.

Bayan an gama aiki, me zan riƙa dubawa?

A daidaita tayoyin gaba da saitin fitila a ranar. A sake matse bolti masu U da na gurbi bayan kilomita 100 zuwa 200, a sake bayan jan farko, sannan duk lokacin canjin mai. A ja layin fenti daga kan noti zuwa faranti, idan layin ya rabu noti ya motsa. Jan farko ya zama da rabin kaya a hanyar da ba cunkoso.

A wanke yankin gurbin a haska shi da tocila. Jan garin tsatsa da ke fitowa daga ƙarƙashin faranti alama ce ƙarfe yana goga ƙarfe. Siririn layi a fenti kusa da kusurwa ko ƙarshen walda, a fesa masa ruwan gano tsagewa da ake sayarwa a shagunan kayan walda. A maimaita awon da aka rubuta ranar yanka: idan ƙarshen shasi ya sauka ko da milimita 5, ko ƙofar bodin baya ta fara wuyar rufuwa, a kwance tirela a mayar da motar warsha, wato gareji. Tsagewa ba a bin ta da walda a sama kawai, sai an huda ƙarshenta, an fafe ta, an cike, sannan an sa faranti mafi tsawo.